Filin Gwaggo: Wandon Fatar Kaboyi Ya Shiga Tsakanin Wa da Ƙani

 Maigidana baduku ne, gadon gidansu ne, a Kano muke. Jaka yake yi da takalmi da kayan doki, kuma duk wanda ya san shi ya san hannunsa. Ƙaninsa yana Amurka, a jihar Teksas. Bara ya bugo waya ya ce wani abokin aikinsa mai dawaki ya ga jakar da aka aika masa ya yaba, yana so a ɗinka masa wandon fatar nan da kaboyi suke ɗorawa a kan wando in za su hau. Ya turo hoto biyu da awon ƙugun mutumin, ya turo rabin kuɗi. Maigida ya zaɓo jar fatar akuya mafi kyau, ya yi wata guda cur a kan aikin. Da kaya suka isa, mutumin ya gwada sau ɗaya ya dawo da shi. Wai ya yi gajere, ya yi laushi, kuma ɗamarar gaba ta yi kauri. Ƙanin ya ce a mayar da kuɗi, maigida ya ce ai sun tafi a fata da kuɗin aikawa. Yau wata huɗu ba sa magana, Hajiyarsu kuwa ni take tsarewa da tambaya. Maigida ya ce Baturen ne bai san aiki ba, zai sake wani ya sa masa fatar mesa a gefe ya ga mai rainawa. Ni dai na rasa ta inda zan kama.

Matar baduku, Kano

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika ɗauki zumuncin gidan mijinki da zafi. Amma kafin mu zo kan 'yan'uwan nan, bari mu tsaya kan wandon, domin muddin maigidanki yana ganin raini aka yi masa, ba zai ɗaga waya ba. Ba a raina shi ba. Ko wane baduku na Teksas aka kai wa wandon nan, abin da mutumin ya faɗa shi zai maimaita.

Wannan kaya tun asali ba na kwalliya ba ne. Makiyayan Meksiko masu kiwon shanu a kan doki su suka fara shi. Da farko manyan fatu biyu ake rataya wa sirdi, in mahayi zai kutsa sarƙaƙiya sai ya ja su ya rufe cinyoyinsa. Daga baya aka raba su da sirdin aka ɗaura wa mutumin a ƙugu. A wurinsu makiyayan Teksas suka gaji dabarar, waɗanda daga 1867 suka riƙa kora garke-garke zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas. Dajin kudancin Teksas ƙaya ce zalla, kuma in saniya ta ɓalle ta faɗa ciki babu zancen zagayawa, binta za ka yi a guje. Ga igiyar da ake jefa wa maraƙi, wadda take gogar cinya in ya fizga. Ga wayar shinge, ga kofato, ga jan ƙarfen da ake yi wa dabba shaida da shi. Ki ɗauke shi kamar warkin maƙeri: ba a tambayar kyansa sai an tambayi abin da yake tarewa. Shi ya sa ba shi da mazaunai, ba shi da hantsa. Ƙafafu biyu ne kawai da ɗamarar da ta haɗa su, a bar mahayi ya ji sirdinsa.

Kuma ba iri ɗaya ba ne, abin da hoto biyu ba zai gaya wa mutum ba ke nan. Akwai tsukakke mai saukowa miƙe har dunduniya, wanda suke kwatantawa da bindiga mai baki biyu, ana zuge shi da zif tun daga cinya har ƙasa. Akwai mai faɗi kamar fiffiken jemage, wanda a cinya kaɗai ake ɓalla shi, ƙasan a sake don iska ta shiga, shi ne masu hawan bijimi a filin wasa suke sawa da launuka masu ɗaukar ido. Akwai gajere mai tsayawa kaɗan a ƙasan gwiwa da doguwar geza, na lokacin zafi. A jihohin sanyi irin su Montana da Wayomin har da mai gashi ake yi, da fatar akuyar Angora ba a cire gashin ba. Tambayar farko da baduku yake yi wa mai oda ita ce wane iri, ta biyu kuma aikin me za a yi da shi: kiwo, ko gasar nuna doki inda alƙalai suke duban zaman mahayi? Na tabbata ba wanda ya yi waɗannan tambayoyi, daga wan har ƙanin.

Zancen laushi kuwa, laifin zaɓi ne, ba na fata ba. Jar akuyarmu ta Sakkwato ba ta da na biyu a jaka da bangon littafi da takalmi, Turawa sun daɗe suna neman ta. Sai dai ba ta da kauri, kuma ƙarama ce. Ƙafa ɗaya ta dogon wandon nan tana bukatar fata guda mai tsawon wajen mita ɗaya ba tare da haɗi ba, fatar akuya kuwa ba ta kaiwa, don haka na san maigida haɗa-haɗa ya yi, kuma duk inda aka haɗa nan ƙaya take fara kamawa. Fatar saniya ake amfani da ita. Dukawan can suna auna kaurin fata da oza, oza ɗaya kusan milimita 0.4 ke nan, kuma galibin wandon ana yin sa da mai oza 4 zuwa 5, wato milimita 1.6 zuwa 2. Na aikin daji yakan fi haka. Rabin fatar saniya, wanda yake kaiwa murabba'in ƙafa 20 da 'yan kai, kusan duka yake tafiya a dogon wando ɗaya. Ana shimfiɗa takardar yanka ta wajen gadon baya, a guji wajen ciki, domin fatar ciki miƙewa take yi, bayan wata biyu ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Jimar ma daban ce. Jimar bagaruwa irin tamu, in fatar saniya ta sha ruwa ta bushe, sandarewa take yi, mahayi kuwa ruwan sama da gumin doki ba sa barin sa. Jikin wandon sai fatar da aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta, ko wadda aka ƙosar da mai, mai lanƙwasa da gwiwa ta dawo. Ya je Challawa ko Sharada ya tambaya, amma ya sa a ransa cewa masana'antunmu sun fi ƙarfi a fatar akuya da tumaki. Fatar saniya a ƙasar nan da yawanta a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda, wadda ta tsira kuma sau da yawa tana ɗauke da yankan wuƙar mahauci da tabon kaska. Ya ɗaga kowace fata ya haska ta da rana kafin ya biya. In bai sami mai kyau ba, gara ƙanin ya sayo a can ya aiko. Sannan ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a kan kowane rini. Jan karan dafi yana da kyau a ido, amma in ya zuba a kan sirdin mutum mai tsada, maganar ba a mayar da kaya za ta tsaya ba.

Gajartar kuma ba sai na daɗe a kanta ba. Awon ƙugu shi kaɗai ba awo ba ne. Ana auna mutum yana sanye da wandon jins da takalmin hawansa: saman cinya, tsakiyarta, gwiwa, sha-raɓa a kan takalmin, tsawo ta ciki, tsawo ta waje har ƙasa. In ya hau ya lanƙwasa gwiwa, fatar hawa sama take yi, don haka wandon da ya yi daidai a tsaye, a kan doki ya gaza. Masu gasa ma so suke ya rufe dunduniyar takalmi suna zaune a sirdi. A kula kuma da cewa da inci suke awo, inci ɗaya santimita 2.54.

To, sai ɗamarar gaba, kuma nan nake so ki zauna ki yi wa maigida bayani a tsanake, bayan ya ci abinci, ba a gaban yara ba. Na san abin da ya faru. Ya ga 'yar siririyar madauri a hoto, ya ce wannan ai ha'inci ne, ni ba na aikin da zai tsinke, ya yanko fata mai kauri ya ninka ya ɗinke. A jaka wannan shi ne amana. A nan kuwa hatsari ne. Sirdin kaboyi yana da wani ƙaho a gaba, inda ake naɗe igiya in an kama maraƙi. In doki ya yi tutsu ya cilla mahayi gaba, madaurin nan yana iya saƙalewa a ƙahon. In siriri ne sai ya tsinke, mutum ya faɗi ƙasa ya tashi ya kakkaɓe jiki. In mai ƙarfi ne, sai ya rataye a jikin dokin da yake tsalle, kansa a ƙasa. Da gangan ake yin sa siriri, wasu ma 'yar tsirkiyar fata kawai suke sawa. Ƙarfin ɗamara a baya ake zuba shi, inda ake sa maɓalli ko a saƙa igiyar fata don a iya sassautawa. Mutumin da ya dawo da wandon ba fitina yake nema ba, ya san abin da madaurin nan zai yi masa ne.

Fatar mesa kuwa, ki hana shi ko da kuka ne. Mesa da kada suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta CITES, ba a shiga da fatarsu Amurka sai da takardun izini, kuma hukumar kula da namun dajinsu ƙwace kayan take yi a tashar shiga. Sunan ƙaninsa ne zai kasance a jikin kwalin. In ado yake so ya nuna, akwai wurinsa. A saman kowace ƙafa, wajen kwatangwalo, ana ɗora wani yanki na fata mai tauri, jimar itace, kuma shi ne ake yi wa zane da sassaƙa. Nan ne hannun baduku yake magana, nan ne kuma yake iya kawo zanen da babu mai shi a Teksas. Amma ya tura hoto a amince kafin ya sa wuƙa.

Yanzu 'yan'uwan. Kowa yana da rabonsa. Ƙanin ya karɓi aikin da bai san kansa ba, ya ɗauki kuɗin abokin aikinsa, yanzu kullum yana haɗa ido da mutumin a wurin aiki, ki auna kunyar da yake ciki. Wan kuma girman sana'a ya hana shi cewa wannan ban taɓa yi ba, a ƙaro mini bayani. Ni a ganina a sake aikin: wan ya sa hannunsa kyauta, ƙanin ya ɗauki fata da kuɗin aikawa. Kafin a taɓa fata, a ɗinka na gwaji da tamfol ko ledar kujera, a aika mutumin ya hau da shi. In ya ce ya haƙura da odar, a mayar masa da kuɗinsa a raba asarar biyu. Jan wandon farko ba asara ba ne gaba ɗaya, in wani mai zuwa gida ya taho da shi jakunkuna za su fita a ciki. Wannan karon kuma a rubuta komai, ko a WhatsApp ne, addini ma ya ce a rubuta bashi.

Ke kuwa kada ki zama 'yar aike a tsakaninsu, duk wadda ta shiga tsakanin wa da ƙani ita ake tunawa bayan sun shirya. Ki kai wa Hajiya wannan bayani, musamman na madaurin, ki bar ta ta haɗa su a waya ɗaya. Muryarta za ta yi abin da taki ba za ta yi ba.

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Hustan a Amurka. Tela ce ni tun a gida. Akwai wata maƙwabciyarmu dattijuwa da take ɗinka wa mahaya wandon fata a garejinta, nakan shiga in taya ta, ta ce hannuna yana da kyau, za ta koya mini. Maigida ya yarda da farko, har ya ce zai saya mini keke. Da surukata ta ji sai ta ce su a danginsu ba a dukanci, wai sana'ar wari ce kuma ta maza. Tun daga nan maigida ya yi shiru da zancen. In haƙura ne, ko in nace?

'Yar Damagaram a Hustan

'Yata, kada ki haƙura, kada kuma ki nace. Ki rage girman abin da kike nema.

Maganar surukarki ba daga sama ta faɗo ba. A wurinmu sana'a gado ce, kuma tsofaffi suna jin ta kamar sunan gida. Ba za ki canza mata wannan da gardama ta waya ba. Amma abu biyu da ta faɗa suna da amsa cikin ladabi. Warin da take tunani na majema ne, inda ake jiƙa ɗanyar fata a toka. Ke jemammiyar fata za ki sayo a shago, a naɗe, ba ki da haɗi da wancan. Zancen maza kuwa, ita da take Nijar ta fi ni sanin cewa a Agadas matan maƙeran Abzinawa ne suke aikin fata, su suke yin jakunkunan nan masu geza da ake yi wa raƙumi ado da su. Amsar nan kuma maigida ne zai kai ta, ba ke ba. Uwarsa ce.

Shirunsa kuma ina zargin ba na Hajiya kaɗai ba ne. Keken ɗinkin fata ba keken atamfa ba ne. Na masana'anta ne, mai ƙafar da take tafiya tare da fatar don kada ta zame, mai ɗaukar zaren nailan mai kauri, kuma kuɗinsa ba wasa ba. Ƙila ya yi alkawari kafin ya ga farashi, sai maganar Hajiya ta ba shi mafaka. Ki sauke masa wannan nauyin. Ki ce ba kya son keke yanzu, za ki yi wata shida a kan na maƙwabciya. Dama abin da za ki fara koya ba ɗinki ba ne. Fata ba ta yafiya irin ta yadi: in allura ta huda, ramin ya zauna, ba a farkewa a sake. Shi ya sa ake shafa gam a manne kafin a ɗinka. Za ki koyi juya takardar yanka don kada ki fitar da ƙafar dama biyu, kuskuren da yake cinye rabin saniya a minti ɗaya. Za ki koyi yanka geza siri-siri daidai wa daida, da yadda ake jiƙa ta a murɗe ta bushe a haka. Sai sassaƙar furanni da wuƙa mai juyawa a kan fatar da aka ɗan jiƙa, salon da ya yi suna daga garin Sheridan na jihar Wayomin, inda Don King ya kafa shagon sirdinsa. Wannan kaɗai shekaru yake ci, kada ki yi gaggawar sa.

Ki fara da gajeren wando na yara. Fata kaɗan yake ci, in ya ɓaci asarar ba ta kai a yi kuka ba, kuma iyaye suna saye. Kasuwa kuwa a ƙofar gidanki take. Bikin dabbobi da wasan kaboyi na Hustan, wanda aka fara tun 1932, duk shekara ake yi wajen watan Maris, kuma kafin a buɗe shi ayarin mahaya suke shigowa gari a kan dawaki da kekunan doki bayan tafiyar kwanaki. A cikinsu akwai ayarin baƙar fata na Prairie View, tun 1957 suke hawa. Kiwo a kan doki a Teksas bai taɓa zama na farare kaɗai ba. Wando mai kyau da aka ɗinka wa mutum a kan awonsa ɗaruruwan daloli ake sayar da shi, amma ki cire kuɗin fata da zif da maɓallan ado, ki ƙirga awannin da kika zauna, kafin ki yi murna.

Sharaɗi ɗaya: ki zauna da dattijuwar nan ku yi magana a fili tun yanzu. Koyarwa kyauta ce, ko aikin da kike taya ta shi ne ladan? In kin ƙware, za ki nemi masu saye a inda take nema? In an bar wannan a duhu, shi ne zai ɓata maƙwabtakar. Ranar da kika sayar da na farko, ki yi wa Hajiya aike daga cikin kuɗin, ki ce na ɗinki ne. Ba ki yi ƙarya ba.

Gwaggo, ni matashi ne, ina hawa a tawagar hakiminmu duk Sallah. Na ga wandon kaboyi mai faɗin nan a fim, ina so in sa a ɗinka mini in fito da shi a hawan bana. Baba ya ce in na sa, in nemi wani dokin. Ba tsoffin ra'ayi ba ne wannan?

Mai son hawa, Katsina

Ɗana, dokin na Baba ne, tawagar kuma ta hakimi. Hawan Sallah ba wurin da kowa yake fito da abin da ya gani a fim ba ne, shigar tawaga tana faɗin gidan da ta fito da sarautar da take bi, in ka fita daban kai za a kalla, kuma ba kallon da kake so ba. Ka bar wa hawa rawaninsa da alkyabbarsa.

In son abin kake yi da gaske, ka sa a yi maka gajeren, mai tsayawa a ƙasan gwiwa, ka riƙa sawa in za ka kilisa ta cikin gonaki ko ka shiga daji inda ƙaya take yaga maka wando. Dogon a zafin Katsina ba za ka kai azahar da shi ba. Ka kai wa badukun bayanin da na yi wa matar baduku a sama, ya auna ka da takalmin da kake hawa da shi, kuma ka tsaya a kansa ya yi madaurin gaba siriri, domin sirdinmu ma gabansa a ɗage yake.